Kano Pillars da Darasin Turkiyya: Ƙungiyar Gwamna Ce Ko ta Mutanen Gari?

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Sifawa ya nufi Shagari a yammacin Asabar, zai ga allunan gidajen kallo jingine a bakin hanya, an jera wasannin ranar da alli, kowanne da lokacinsa. Shekara da shekaru ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya ne ke cin karensu babu babbaka a kan waɗannan alluna. Amma tun da Victor Osimhen ya koma Galatasaray a 2024, sunayen ƙungiyoyin Turkiyya suka fara shiga bakin samari, har yaron da bai taɓa wuce Tambuwal ba ya san cewa Galatasaray da Fenerbahce ba sa ga maciji da juna.

Wasan gida kuwa da ƙyar yake samun gurbi. In ma aka tashi ambaton ƙungiyar Arewa da ta isa a yi musu a kanta, suna ɗaya ne ke fitowa, wato Kano Pillars, Sai Masu Gida. Tarihin kafuwarta ya yi kama da na wasu manyan ƙungiyoyin Turkiyya kamar an tsaga kara. Sai dai akwai inda hanyoyin suka rabu, kuma a wannan mararrabar ne amsa take ga Basakkwacen da ke tambayar me ya hana jiharsa samun irinta.

Yadda aka haɗa uku suka zama ɗaya

Kano ba baƙuwar tamaula ba ce. Tun a 1953, zamanin Turawa, 'yan wasan Kano suka je Legas suka doke Dynamos da ci 2-1 suka ɗauko Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. A 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar lig ta ƙasa. A wancan zamani yawancin ƙungiyoyin Nijeriya na ma'aikatu ne da kamfanoni. Hukumar jirgin ƙasa na da tata, NEPA na da tata, bankuna da kamfanonin inshora ma haka. Ɗan wasa ma'aikaci ne da sunansa ke cikin takardar albashi, ya yi atisaye da safe, wani lokaci ya leƙa ofis da rana.

Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida daga 1986 ya karya wannan tsari. Naira ta faɗi, kamfanoni suka fara sauke nauyin da ba dole ba. Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka yi tashe a tsakiyar shekarun 1980, masu su suka rushe su kafin ƙarshen shekarun. A cikin wannan hali ne aka ƙaddamar da gasar ƙwararru ta Nijeriya a 1990, gasar da ke neman kuɗi da tsari fiye da ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi.

Kano na da ƙungiyoyi a lokacin, amma kowace ba ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai. Akwai WRECA ta hukumar ruwa da gine-ginen jiha, akwai Golden Stars, akwai kuma ta Bank of the North. Sai aka haɗe su ukun a 1990, zamanin mulkin Kanar Idris Garba, aka sa wa sabuwar ƙungiyar suna Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga bisani ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya daga 2002 zuwa 2006, shi ne sunan da tarihi ya fi alaƙanta wa da wannan aiki. Dabarar a fili take: maimakon 'yan wasan gari da magoya bayansa su rarrabu gida uku, a tara su ƙarƙashin tuta ɗaya mai ɗauke da sunan garin.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin hakan. A 1991 Pillars ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta yi galaba a kanta. Daga nan sai tafiyar ta yi tsawo, yau a hau gobe a gangara, har shekara 18 bayan kafuwarta kafin ta ɗaga kofin lig.

Shekarun Masu Gida

Kadiri Ikhana, kocin da ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003, shi ya kawo wa Kano kofin lig na farko da sunan Pillars a 2008. Shekarar da ta biyo baya ce Kanawa ba za su manta ba. A gasar zakarun Afirka ta 2009 aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, ƙungiyar da babu kamarta a nahiyar. Aka tashi 1-1 a Nijeriya, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai Pillars ta je Alƙahira ta yi 2-2, ta fitar da Al Ahly da ƙwallayen da ta ci a waje. Ta wuce matakin rukuni, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar gida Heartland ta Owerri ta lallasa ta da jimillar 5-0.

A kakar 2009 zuwa 2010 wani yaro ɗan Jos mai gudu kamar iska, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 a rigar Pillars, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, kafin ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Sannan aka shiga shekarun da Pillars ta hana kowa sakat. Ta ci lig a 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, ta sake ci a 2014 a hannun Okey Emordi. Sau uku a jere ke nan, abin da Iwuanyanwu Nationale da Enyimba suka taɓa yi a gabanta. Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, da Gambo Muhammad suka zama sunayen da ake rera wa waƙa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

A gida ne aka kafa tarihin da har yau ake tinƙaho da shi. Daga tsakiyar 2003 zuwa watan Agustan 2015, wasa 202 na lig Pillars ta buga a gida ba a doke ta ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon da ci 2-1.

Wannan tarihi fuska biyu gare shi. Yana nuna ƙarfin 'yan wasa da na dubban magoya bayan da ke cika filin tun kafin La'asar. Yana kuma nuna wata cuta da ta daɗe a gasar Nijeriya, inda baƙo ke zuwa da sanin cewa cin mai gida abu ne mai wuya, ba don ƙwallo kaɗai ba, har da matsin da ake yi wa alƙalin wasa. Hujja a nan ita ce abin da ke faruwa idan an fita waje. Duk da kofuna ukun da ta jera, Pillars ba ta sake kaiwa matakin rukuni a gasar zakarun Afirka ba tun 2009.

Wahala ma ba ta bar ta ba. A watan Maris na 2015, a kan hanyarsu ta zuwa Owerri wasan buɗe kaka, 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta tsakanin Abuja da Lokoja, suka raunata biyar daga cikinsu, har da Gambo Muhammad. A wasan ƙarshe na kofin ƙasa na 2018 a Asaba, Pillars na gaba da ci 3-0, Enugu Rangers ta farke duka ukun a kusan ƙarshen wasa, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Shekara ɗaya bayan haka Pillars ta share hawayenta a Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes a fenariti ta ɗauki kofin da Kano ta rabu da gani tun 1953.

Sai kuma 2022 ta zo da abin kunya. An far wa motar Katsina United a Kano bayan wasa, aka ci tarar Pillars, aka rage mata maki, kuma a ƙarshen kakar ta gangara rukuni na biyu, wanda 'yan kallo ke wa ba'a da gasar gajiyayyu. Ta dawo a 2023.

Yadda Turkawa suka yi nasu haɗin

Manyan ƙungiyoyin Turkiyya uku duk a Santambul aka haife su, a ƙarshen zamanin Daular Usmaniyya. Besiktas a 1903, Galatasaray a 1905, Fenerbahce a 1907. Galatasaray a aji aka kafa ta. Ali Sami Yen da abokansa, ɗaliban makarantar sakandaren Galatasaray, su suka haɗa kuɗi suka fara ta, da burin su buga ƙwallo kamar Ingilishi su kuma doke ƙungiyoyin baƙi da ke birnin. Wannan ƙungiyar 'yan makaranta ce ta doke Arsenal a fenariti a 2000 ta ɗauki kofin UEFA, kuma ita ce ta biya Napoli Yuro miliyan 75 a 2025 don ta mallaki Osimhen.

Da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1959, waɗannan ukun suka mayar da kofin kamar gadon gidansu. Hukumar ƙwallon Turkiyya, a ƙarƙashin Orhan Seref Apak, ta ga cewa in ana so sauran garuruwa su taɓuka wani abu, dole kowane gari ya haɗe ƙananan ƙungiyoyinsa su zama ɗaya mai sunan garin. Haka aka samu Bursaspor a 1963 daga ƙungiyoyi biyar. Haka aka samu Samsunspor da Antalyaspor da Sivasspor a shekarun da suka biyo baya.

Na Trabzon, garin da ke bakin Bahar Aswad, ya fi ba da wahala. Manyan ƙungiyoyin garin biyu, Idmanocagi da Idmangucu, tsohuwar gaba ce tsakaninsu, kowace ta ƙi yarda a haɗiye sunanta da launin rigarta. Sai da hukuma ta sa baki, aka yi ta kai-komo, kafin a ranar 2 ga Agusta 1967 ƙungiyoyi huɗu suka yarda suka zama Trabzonspor. Shekara tara kacal bayan haka, a 1976, ta zama ƙungiya ta farko daga wajen Santambul da ta ci lig. Tsakanin 1976 da 1984 sau shida ta ɗaga kofin, da 'yan wasa yawancinsu 'yan garin, ciki har da mai tsaron gida Senol Gunes wanda daga baya ya kai Turkiyya matsayi na uku a gasar cin kofin duniya ta 2002. Daga nan ta jira shekara 38 kafin ta sake ci a 2022, da ɗan Nijeriya Anthony Nwakaeme a sahun gaba.

Ke nan, a Kano da Trabzon duka, hannun hukuma ne ya tura aka yi haɗin, kuma a wurare biyun haɗin ya haifar da ƙungiyar da ta ƙalubalanci manyan da suka riga ta. Bambancin yana cikin abin da aka yi washegarin haɗin. A Turkiyya an bar ƙungiyar a hannun mambobinta, mutanen da ke da kati, suke biyan kuɗin shekara, suke taron ƙoli, suke zaɓen shugaba. A Kano kuwa ƙungiyar ta zauna a hannun gwamnatin jiha, kuma har yau can take.

Ƙuri'a da takardar naɗi

A watan Yunin 2018 mambobin Fenerbahce sama da 20,000 suka taru a filin wasansu suka kaɗa ƙuri'a. Aziz Yildirim, wanda ya shekara 20 yana shugabancin ƙungiyar, ya sami ƙuri'a 4,644. Ali Koc ya sami 16,092. Shi ma Ali Koc, ɗan ɗaya daga cikin gidajen da suka fi kowa arziki a ƙasar, da ya kasa kawo kofin lig, mambobin suka kayar da shi a 2025.

Magoyin bayan Pillars ba shi da wannan dama. Shugabannin ƙungiyar daga gidan gwamnati ake naɗa su, daga can kuma ake sauke su, sau da yawa ta sanarwa a rediyo. Ko Ahmed Musa, da ya dawo gida bayan ya buga wa Fatih Karagumruk da Sivasspor a Turkiyya, naɗa shi aka yi janar manajan ƙungiyar a 2025. Naɗin ya yi wa jama'a daɗi, amma hannun da ya ba shi kujerar shi ne zai iya karɓewa. Albashin 'yan wasa, kuɗin sa hannu, alawus na tafiya, man mota zuwa Aba ko Fatakwal, duk sai an rubuta takarda ta bi ta ma'aikata. In gwamna mai son ƙwallo ne, sai a ga walwala. In hankalinsa na wani wuri, ko zaɓe ya ƙarato, sai a ji 'yan wasa na kukan bashi.

Wannan ba laifin Kano ba ne ita kaɗai. Yawancin ƙungiyoyin gasar Firimiyar Nijeriya na gwamnatocin jihohi ne, daga Rangers da Enyimba da Shooting Stars har Plateau United da El-Kanemi da Wikki Tourists. Ƙungiyar da kuɗinta ke zuwa daga baitulmali ba ta da dalilin wahalar da kanta wajen sayar da riga ko tikitin shekara, ko neman kamfanin da zai sa sunansa a ƙirjin 'yan wasa. Shugaban da aka naɗa ya fi damuwa da ran wanda ya naɗa shi fiye da na mai shayin da ya rufe teburinsa ya tafi kallo. Shi kuwa mai shayin, in ya fusata, ba shi da akwatin ƙuri'a, sai maƙogwaronsa, wani lokaci kuma abin da hannunsa ya kai gare shi.

Kada a ɗauka tsarin Turkiyya wankakke ne. A watan Disambar 2023 shugaban Ankaragucu, Faruk Koca, ya shiga fili ya naushi alƙalin wasa Halil Umut Meler a fuska, har aka dakatar da gasar ƙasar baki ɗaya na wasu kwanaki. Bashi kuma ya yi wa manyan ƙungiyoyin katutu, domin mai neman ƙuri'a yakan yi alkawarin sayo taurari da kuɗin da babu. Bursaspor ce babban misali. Ta ci lig a 2010, ta faɗi daga rukunin farko a 2019, bashi ya ci gaba da jan ta ƙasa har ta tsinci kanta a rukuni na huɗu a 2024.

To amma me ya faru a can ƙasan? Mutanen Bursa suka ci gaba da cika filinsu da dubun dubatar 'yan kallo a wasannin rukuni na huɗu, 'yan kasuwar garin suka sa hannu a aljihu, ƙungiyar ta fara haurowa. Ba ta mutu ba, saboda babu mutum ɗaya da zai iya cewa ya gaji ya rufe ta. A kwatanta da gida: ina Raccah Rovers? Ina ƙarfin Ranchers Bees ta Kaduna, ko BCC Lions ta Gboko da ta ci kofin Afirka a 1990? Kaduna United ta ci kofin ƙasa a 2010, Zamfara United ta buga Firimiya daga Gusau. Kowace, da mai ciyar da ita ya janye hannu ko ya rage, sai ta dusashe.

Abin da ya hana Pillars bin sahunsu shi ne abin da gwamnati ba ta saya da kuɗi ba, wato jama'a. Bakano ya ɗauki ƙungiyar tamkar ta gidansu, har babu gwamnan da zai iya rushe ta ya kwana lafiya. Mallakar zuciya tana hannun mutane, mallakar takarda tana hannun gwamnati, kuma yawancin rigingimun Pillars a tsakanin waɗannan biyun suke tasowa.

Ina Sakkwato a wannan labari?

Akwai ɗan Sakkwato da ya ratsa duka hanyoyin biyu da ƙafarsa. Shehu Abdullahi a Sakkwato aka haife shi a 1993. A rigar Kano Pillars ya yi suna, a shekarun da take jera kofuna. Daga nan ya tafi Kuwait da Fotugal da Saifurus, ya ci tagulla da Nijeriya a gasar Olamfik ta 2016, ya je gasar kofin duniya ta 2018 yana ɗan wasan Bursaspor. Da ya tashi dawowa gida buga ƙwallo, Pillars ya sake komawa. Ba don ya ƙi garinsu ba, sai don a can ne ƙungiyar da ta dace da matsayinsa take.

Sakkwato na da Sokoto United da filin wasa na Giginya, amma ƙungiyar ta daɗe tana fafutuka a rukuni na biyu, kuma ita ma idonta na kan gwamnati. Ba 'yan wasa aka rasa ba. A Sifawa da Bodinga da Danchadi da Shagari, da zarar an sallame La'asar filayen makarantun firamare ke cika. An kafa sanduna biyu a matsayin raga, wani da takalmi, wani da silifas, wani ƙafa tsirara. Ƙwallon ma karo-karo aka yi aka saya, in ta fashe a kai wa mai faci. Kowace unguwa da ƙungiyarta, da kocinta wanda ba a biyansa ko sisi, wani lokaci ma shi ke sayen ruwan leda daga aljihunsa. Kofi kuwa sai lokacin Sallah, ko in zaɓe ya matso ɗan takara ya kawo riguna masu hotonsa. In an gama wasan ƙarshe, an raba kyauta, an ɗauki hoto, sai kuma wata shekarar.

Wannan al'ada ta kyauta bayan nasara tsohuwa ce, kuma mutanen wannan yanki sun san mafi shahararta. A ranar 22 ga Maris 1980, ɗan garin Shagari, Shugaba Shehu Shagari, shi ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka a Legas bayan Nijeriya ta doke Aljeriya 3-0, sannan ya ba 'yan wasan gidaje a Festac da motoci. Karamci ne da ya dace da ranar. Amma shugabannin da suka biyo baya, manya da ƙanana, kyautar suka kwaikwaya, suka bar aikin da ke samar da wanda za a ba kyautar.

Rashin tsari har asarar kuɗi yake jawowa. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A cinikin Yuro miliyan 75, wannan kaso ya kai miliyan 3.75. Amma sai ƙungiyar da ke da rajista, wadda sunanta ke cikin takardun ɗan wasan, za ta ga ko kwabo. Ƙungiyar unguwa a Bodinga da ta raini yaro shekara biyar ba tare da rubutu ba, in ya yi suna, albarkacinta ba zai wuce gaisuwa ba. Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta gane wannan. Ta gina makarantar horar da yara da filinta, kuma a 2025 ta ci gasar Firimiyar Nijeriya a gaban ƙungiyoyin gwamnoni.

Abin da ya kamata a ɗauka, da abin da za a bari

Daga Kano, Sakkwato za ta iya ɗaukar darasin haɗin kai. Jiha mai ƙananan hukumomi 23 ba ta buƙatar kowane mai kuɗi ya kafa tasa ƙungiyar da sunansa. Tana buƙatar ƙungiya ɗaya da kowa zai ji tasa ce, wadda ƙungiyoyin ƙananan hukumomi ke tura mata 'yan wasa ta hanyar gasar da ake yi kowace shekara, da jadawali, da rajista, ko ana zaɓe ko ba a yi.

Daga Galatasaray, a ɗauki darasin makaranta. Sifawa gari ne da tarihi ya san shi da karatu, domin nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna shekaru yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Iyayen wannan yanki ba za su saki 'ya'yansu ga harkar da ke raba yaro da allo da littafi ba, kuma suna da gaskiya. Hanyar da za su yarda da ita ita ce wadda ta bi ta makaranta: gasar firamare da sakandare, inda sharaɗin shiga fili shi ne zuwa aji.

Daga Trabzon da Bursa kuwa, a ɗauki katin mamba, a bar cin bashi. Babu mai cewa gwamnati ta janye hannu gobe, domin a halin da ake ciki babu ƙungiyar Arewa da za ta rayu wata shida ba tare da ita ba. Abin da zai yiwu shi ne a fara rabon iko. Gwamnati ta riƙe fili da wani kaso na kasafi, a buɗe rajistar mambobi da kuɗin da mai kabu-kabu da manomin albasa za su iya biya, a ba mambobin kujeru a hukumar gudanarwa ta hanyar zaɓe, a kuma karanta musu lissafin shiga da fita kowace shekara. Wanda ya biya kuɗin kati zai tambayi inda kuɗin tikiti ya shiga, kuma zai yi tunani sau biyu kafin ya jawo wa ƙungiyar tarar da daga asusunta za a biya.

Pillars ce ta fi kowace ƙungiya a Arewa damar gwada wannan, tunda jama'ar tana da su tun tuni, abin da ya rage kawai a ba su murya. Sakkwato kuwa, da yake ginin nata bai yi nisa ba, ta fi sauƙin gyara tushe. Kira a nan ga ma'aikatar wasanni ta jiha, da hukumar ƙwallon ƙafa ta Sakkwato, da shugabannin ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari, shi ne su fara da abin da bai fi ƙarfinsu ba: su yi wa ƙungiyoyin unguwanni rajista, su rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa, su kafa gasar da ba ta jiran ɗan takara, sannan su buɗe wa jama'a ƙofar mallakar Sokoto United.